Sunan da Aka Gutsure: Daga Ina Kalmar Himofiliya Ta Fito?



Idan hunturu ya kankama, a garuruwanmu da yawa lokacin kaciya ya zo ke nan. Wanzami ya iso da zabirarsa tun da sanyin safiya, a tara yaran unguwa, kafin hantsi ya dubi ludayi an gama, mata sun shiga hidimar dama kunu da figar kaji. Kusan kowane yaro jininsa zai tsaya kafin a share wurin. Amma can ba a rasa ba, a wani gari, a wata shekara, sai a sami yaro guda wanda nasa ya ƙi. Ba feshi jinin yake yi ba, tsattsafowa yake a hankali. A ɗaure, ya jiƙe tsumma, a sake wani. A yi azahar, a yi la'asar, dare ya raba, yaro ya fara fari fat. Daga nan sai bakuna su buɗe. Wannan ya ce hannun wanzami ne, wancan ya ce baki ne ya kama yaron, wata ta raɗa cewa a bincika maƙwabta. In Allah ya sa da sauran kwana aka kai shi babban asibiti, aka auna jini, likita zai rubuta kalma guda a kan kati: himofiliya.

Yanzu a ce uban yaron ya tambaya, "Likita, mece ce ma'anar wannan suna?" In likita zai fassara masa daidai da yadda kalmar take, sai dai ya ce masa: son jini. Yaron da jini ke neman raba shi da duniya, sunan ciwonsa son jini. A kan wannan suna nake so mu tsaya yau, mu ji wanda ya raɗa shi, da yadda aka yi ya fito a haka, da abin da ya rage gare mu mu da muke magana da Hausa.

Kalmar Girkanci ce, gaɓa biyu aka haɗa. Ta farko haima, wato jini. Ita ce dai a cikin himogulobin da ake auna wa masu ciki a awo. Ta biyu filiya, wato so, irin na abota da shaƙuwa. Wannan ta biyun ma ba baƙuwa ba ce a bakinmu. Duk wanda ya ce falsafa ya furta ta, domin Larabawa daga Girkanci suka ɗauko kalmar, inda take nufin son hikima, mu kuma muka karɓa daga hannunsu. To amma kada a zaci Girkawan da ne suka haɗa haima da filiya don su kira wannan ciwo. Bajamushe ne ya yi haɗin, kuma bai cika shekara 200 da yi ba.

Shi kuwa ciwon ya girmi sunan nesa ba kusa ba, kuma ta ƙofar kaciya aka fara gane shi. A cikin Talmud, littafin fiƙihun Yahudawa, akwai hukuncin da aka jingina wa wani babban malaminsu na ƙarni na 2, Yahuda ha-Nasi, cewa macen da 'ya'yanta maza biyu suka mutu ta dalilin kaciya, kada a yi wa na ukun. A wurin ne kuma aka kawo labarin wasu mata 'yan uwan juna a garin Siffori, waɗanda 'ya'yansu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya ta wannan hanya. Ku lura, 'ya'yan 'yan uwa mata aka duba. A ƙarni na 12, Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya yi aikin likita a Masar, ya ƙara da cewa hukuncin yana nan ko da yaran ba ubansu ɗaya ba. Ashe tun a lokacin an gane ta wajen uwa abin yake biyowa.

Tsakanin waɗannan biyu akwai Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan tiyata na Andalus wanda ya rasu a 1013. A cikin littafinsa At-Tasrif, mai juzu'i 30, ya ba da labarin wani ƙauye inda maza ke zubar da jini har su mutu saboda ɗan rauni kaɗan. Ya siffanta abin sosai, amma bai yi masa suna ba.

Sai a 1803 wani likita a Amurka, John Conrad Otto, ya bi salsalar wani dangi har zuwa ga wata mata da ta zauna kusa da Plymouth a jihar New Hampshire shekaru da dama kafin nan. Ya rubuta cewa maza ne ke kamuwa, mata kuwa lafiyarsu ƙalau amma su ke miƙa wa 'ya'yansu. Sunan da ya yi amfani da shi na mutanen yankin ne, kalmar Ingilishi mai nufin masu zubar jini. A birnin Filadelfiya ya yi wannan rubutu, birnin da sunansa ma da filiya ya fara. Jamusawa su ma da irin wannan suna mai sauƙi suke kiran masu ciwon a harshensu, har gobe. A 1820 Christian Friedrich Nasse na jami'ar Bonn ya tsara ka'idar gadon ciwon, wadda aka riƙa kira da sunansa.

To sai 1828. A jami'ar Würzburg ta ƙasar Jamus akwai wani shahararren malamin likitanci, Johann Lukas Schönlein, mutum mai son raɗa wa cututtuka suna. Shi ne ya ba tarin fuka sunan tubakulosis da duniya ke amfani da shi yau. Wani ɗalibinsa, Friedrich Hopff, ya rubuta kundin kammala karatu a wannan shekara a kan gadon zubar jini mai kisa, kuma a kan bangon kundin kalmar himofiliya ta fito.

Ya kamata a yi wa malamin da ɗalibin adalci. A bakin likitocin zamaninsu, filiya ta riga ta fara ɗaukar ma'anar karkata ga abu, ko saurin faɗawa cikinsa. Mu ma muna da irin wannan. In Bahaushe ya ce katangar nan tana neman faɗuwa, ba wanda zai ɗauka katanga ta tashi cigiya. Nufinsa ta karkata. To ko da wannan uzuri, sunan bai cika ba. Karkata ga jini, sai me? Kowane mai rai jini ne a jikinsa. Abin da ya kamata a ce shi ne karkata ga zubar jini, kuma abin mamaki, akwai wannan cikakkiyar kalma. Daga makarantar Schönlein ɗin dai ta fito: himorafiliya. Wannan ƙaramar gaɓa ta tsakiya daga kalmar Girkanci take mai nufin ɓallewa ko fashewa, ita ce a cikin kalmar da likitoci ke kiran ɓallewar jini da ita. Sunaye biyu ke nan suka fito daga gida ɗaya, dogo mai ma'ana da gajere mai giɓi. Baki kuwa gajere yake so. Dogon ya kwanta a cikin tsofaffin littattafai, gajeren ya zaga duniya.

Da ya isa gabas mai nisa, sai aka fassara shi gaɓa da gaɓa. A Japan da Sin, haruffa uku ake rubuta sunan ciwon da su: jini, aboki, ciwo. Ciwon abokin jini. Mutane fiye da biliyan guda suka gaji giɓin da aka bari a Würzburg.

Larabawa ne, a ganina, suka fi kowa dacewa. Da masanansu suka tashi nema wa ciwon suna, sai suka koma cikin tsohon ƙamusunsu suka ɗauko an-na'ur. A tsohon Larabci, na'ur jijiya ce wadda jininta ba ya tsayawa. Kalma ɗaya, ta faɗi abin da ido ke gani, kuma tasu ce.

Bari mu duba abin da ke faruwa a jiki, domin sai an san shi za a iya auna kowane suna. In mutum ya yanke, abu uku ke biyo juna. Jijiyar ta tsuke bakinta. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke yawo cikin jini su ruga su cushe ɓarakar. Sannan wasu sinadarai su tashi juna bi da bi, wannan ya zaburar da wancan, har a ƙarshe a saƙa wani zare mai kama da raga ya ɗaure toshiyar tamau. Kamar katanga ce ta zube da damina: a jera tubali, sannan a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Mai himofiliya yana da tubalinsa, kwaɓin ne babu. Shi ya sa ɗan ƙwarzane ba ya tayar masa da hankali, tubali kaɗai ya isa. Shi ya sa kuma jinin kaciya ko na cire haƙori kan yi kamar ya tsaya, bayan sa'o'i ya dawo. Jininsa bai fi na kowa gudu ba, daɗewa yake yana zuba. Kuma mafi yawan wahalarsa ba a ganinta a waje. Cikin gwiwa jinin ke tsiyaya, da gwiwar hannu, da idon sawu. Yaro ya fara rarrafe ko tafiya, sai a ga gwiwa ta kumbura ta yi zafi ba tare da wata faɗuwar kirki ba. A kai shi wurin mai ɗori, a murza, abin ya ƙaru. In aka yi ta maimaitawa, gaɓar ta lalace, yaro ya tashi da ɗingishi.

Har tsakiyar ƙarni na 20 ana ɗauka ciwo ɗaya ne. A 1947 wani likita a Ajantina, Alfredo Pavlovsky, ya gauraya jinin masu himofiliya biyu a kwalba, sai ya ga jinin ya daskare lafiya lau. Wato abin da wannan ya rasa, wancan yana da shi. Bayanin ya fito fili a 1952, lokacin da Rosemary Biggs da Robert Macfarlane da abokan aikinsu a Oxford suka auna jinin wani yaro ɗan shekara 5, suka tabbatar sinadarin da ya rasa daban yake da na sauran. Sunan yaron Stephen Christmas, sai suka kira sabon ciwon da sunan gidansu, ciwon Kirsimeti. Rahoton kuma ya fito a mujallar likitocin Birtaniya ta ranar 27 ga Disamba, a tsakiyar hutun Kirsimeti, har mutane da yawa suka zaci da bikin aka sa sunan. Wannan yaro ya girma a Kanada. Maganin da ya riƙe rayuwarsa daga jinin mutane ake tace shi, kuma ta wannan magani ne cutar ƙanjamau ta shige shi, kamar yadda ta shigi dubban masu himofiliya a shekarun 1980. Ya shafe ƙarshen rayuwarsa yana fafutukar a tsabtace jinin da ake ba marasa lafiya, ya rasu a 1993 yana da shekara 46. Duk lokacin da na ji an ce ciwon Kirsimeti, shi nake tunawa.

Sunayen waɗannan sinadarai suka yi yawa, kowane ɗakin bincike da nasa, har wani sinadari guda ya tara suna uku ko huɗu. Sai aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa ya ba su lambobi, daga 1 zuwa 13. Lamba 6 ba ta da mai ita, domin an gano abin da aka ba ta wani kamanni ne kawai na sinadari na 5. Yau rashin sinadari na 8 shi ne himofiliya A, rashin na 9 shi ne himofiliya B, wato ciwon Kirsimeti. An gyara sunayen sinadarai tsaf, amma babban sunan mai giɓi ba wanda ya taɓa shi.

Akwai wani laƙabi da ya fi son jini ɓarna a wurinmu: ciwon sarakuna. Asalinsa gidan Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Ɗanta Leopold yana da ciwon, ya rasu a 1884 yana da shekara 30 bayan ya faɗi a garin Cannes na Faransa. 'Ya'yanta mata biyu, Alice da Beatrice, suka kai shi gidajen sarautar Jamus da Rasha da Sifen ta hanyar aure. Yarima Alexei na Rasha, wanda aka haifa a 1904, shi ne wanda ciwonsa ya buɗe wa wani mai da'awar warkarwa, Rasputin, ƙofar fada. A 2009 aka binciki ƙasusuwan iyalin sarkin Rasha, aka gano nau'in B ne ya bi zuriyar. Labari ne mai jan hankali, shi ya sa kowane littafi ke maimaita shi. Illarsa ita ce mai sauraro a Gumel ko Tasawa zai ji ya ce, to wannan ai na Turawa ne, na masu gadon sarauta. Alhali ciwon bai san launi ba, bai san fada ba. A kowace al'umma, cikin jarirai maza 5,000 akan sami kusan 1 mai nau'in A. Nijeriya kaɗai ana haihuwar jarirai sama da miliyan 7 a shekara, kusan rabinsu maza. Ku yi lissafin da kanku: yara wajen 700 ke nan kowace shekara. Ina suke? Kaɗan ne ƙwarai sunansu ya shiga rajistar asibiti. Sauran sun tafi ranar kaciya, ko ranar cire beli, ko suna nan suna jan ƙafa ana cewa sanyin ƙashi ne.

Ka'idar nan ta cewa maza ke kamuwa mata ke miƙawa, gaskiya ce, amma ta yi inuwa ta rufe mata. Wasu daga cikin matan da ke ɗauke da gadon su ma sinadarinsu ba ya cika, suna shan wahalar al'ada da haihuwa. Ga kuma wani ciwo daban. A 1924 aka kai wa wani likita a Finland, Erik von Willebrand, yarinya 'yar shekara 5 daga tsibiran Åland, wadda 'yan uwanta mata da dama suka mutu da zubar jini. Da ya wallafa bincikensa a 1926, sunan da ya iya ba ciwon shi ne himofiliyar ƙarya, tunda littafi ya ce ta gaskiya ba ta kama mata. Yarinyar nan jinin al'adarta na huɗu ne ya yi ajalinta. Yau ciwon yana ɗauke da sunan likitan, kuma an tabbatar shi ne ya fi kowane ciwon zubar jini na gado yawa a duniya, yana kama maza da mata. Yarinyar da ke yawan haɓo, wadda al'adarta ke wuce mako tana zuba da gudaji, ta cancanci a auna jininta kafin a ce haka jikinta yake.

A nan Hausa tana da wani makami da Ingilishi ba shi da shi. Bature kalma ɗaya yake kiran ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba. Mu kuwa mun raba: kawu daban, baffa daban. Gadon himofiliya a kan ƙwayar halitta da ake kira X yake zaune. Mace tana da biyu, in ɗaya ta sami naƙasu ɗayar ta rufa mata asiri. Namiji ɗaya gare shi, daga uwarsa ya samo. Saboda haka tambayar da ta dace kafin aska ta taɓa yaro ita ce: a cikin kawunnansa, ko 'ya'yan innoninsa maza, ko yayyensa, akwai wanda jini ya taɓa ƙi tsaya masa? Labarin baffa ba ya ƙara komai a nan. Sai dai ina roƙo, kada wani ya ɗauki wannan magana ya mayar da ita sandar dukan matarsa. Namiji mai ciwon ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata sai sun ɗauka, don haka uwar da ake zargi ta yiwu daga mahaifinta ta karɓa. Kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon babu wani tarihinsa a danginsu ko kaɗan, a kansu ko a kan iyayensu mata canjin ya fara. Ba wanda ya zaɓa.

Yanzu mu juya ga kishiyar wannan ciwo, domin a nan ne hatsarin gutsure suna ya fi fitowa. Girkawa suna da kalma, turombos, mai nufin dunƙule ko guda. Da ita suke kiran gudan jini, da ita kuma suke kiran gudajin madarar da ta kama. Rumawa ma daga wurin masu nono suka ɗauko tasu kalmar, kowagulum, wato abin da ake zuba wa madara ta dunƙule ta zama cuku. Matan Fulani da ke zuba ruwan tumfafiya a madara mai ɗumi su fitar da wara, aikin da kalmar ke nufi ke nan. Daga turombos aka sami turombosis, wato jini ya dunƙule a cikin jijiya inda ba a bukatarsa. Ya fi samun wanda ya daɗe a kwance, da wanda aka yi wa tiyata, da mai jego, da wanda ya yi doguwar tafiya a zaune. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi ciwo. In gudan ya ɓalle ya bi jini ya toshe jijiyar huhu, shi ne abin da Rudolf Virchow, wani Bajamushen kuma, ya kira embolizim, daga kalmar Girkanci mai nufin toshiya. Wanda jikinsa ya karkata ga yin irin waɗannan gudaji, shi ake ce yana da turombofiliya. Wannan suna an gina shi daidai, karkata ga gudan jini. Ga su nan kamar tagwaye a kunne, himofiliya da turombofiliya, ɗaya jini ya ƙi kamawa, ɗaya ya kama fiye da kima. Har ranakun tunawa da su daban: 17 ga Afrilu ta masu himofiliya, ranar haihuwar Frank Schnabel wanda ya kafa ƙungiyarsu ta duniya a 1963, sai 13 ga Oktoba ta gudan jini, ranar haihuwar Virchow.

To mu fa, me muke cewa? A gidajen rediyo da jaridunmu, fassarar da ta fi yawo ita ce cutar rashin daskarewar jini. Fassara ce mai kyau, ta fi ta Würzburg gaskiya. Amma doguwa ce, kuma na sha jin abin da ke faruwa da ita. Mai karanta kanun labarai yana sauri, ko mai ba da labari a majalisa, sai rashin ta faɗi a hanya, a wayi gari ana cewa cutar daskarewar jini. Kalma ɗaya ta fita, ma'ana ta juya baya gaba ɗaya. Abin da ya sami himorafiliya ke nan, sai dai namu ya fi muni. Nasu giɓin ya haifar da suna maras ma'ana, namu yana haifar da sunan wani ciwo daban, wanda maganinsa guba ne ga mai wannan. Uwa ta ji an ce ɗanta yana da daskarewar jini, ta je kemis, wani mai kyakkyawar niyya ya ce ai asfirin yana tsinka jini. Asfirin kuwa tubalin nan da ya rage wa yaron shi yake raunanawa. Shi da dangin ibufurofen suna cikin magungunan da ake hana mai himofiliya sha.

Hausa ba ta gaza wajen raɗa suna ba. Macijin nan kububuwa, wanda ya addabi manoman Kaltungo da kwarin Binuwai, dafinsa hana jini kamawa yake yi, har a asibiti gwajin da ake yi shi ne a zuba jinin wanda ya sara a kwalba mai tsabta a jira minti 20 a ga ko zai daskare. Me Bahaushe ya kira wannan maciji? Gobe da nisa. Wanda ya ji sunan ya san ba a kwana da saran a gida. Sikila ma, da ta zo da sunanta na Turanci mai nufin lauje, mun karɓa, amma mun ajiye namu a gefe, amosanin jini, kuma kowace tsohuwa ta san abin da ake nufi.

Ni dai ga abin da nake gani. Sunan da ya dogara da kalmar rashin a gabansa, ko ba jima ko ba daɗe sai baki ya yar da ita. Gara a zaɓi wanda ko an gutsure shi ma'anarsa ba za ta juya ba. Ga himofiliya, na fi son ciwon tsiyayar jini na gado. A yar da gado, a yar da ciwo, abin da ya rage tsiyayar jini ne, har yanzu yana nuna hanyar da ta dace. Kalmar tsiyaya kuma ta dace da yadda jinin yake yi, kaɗan-kaɗan ba ƙaƙƙautawa, irin na tulun da ya tsage. Na san tana da rauni: wanda ya ji ta zai fi tuna jinin da ake gani, ya manta da na cikin gwiwa. Wannan sai a cike shi da bayani, a ce tsiyayar waje da tsiyayar ciki. Ga ɗaya ciwon kuma, gudan jini a jijiya. Gudan jini kalma ce da kowa ya sani tun daga zauren tafsiri, kuma ba mai rikita ta da tsiyaya. A bar kalmar daskarewa a ɗakin gwaji, inda masu ita suka san gabanta da bayanta.

Ba ni ke da ikon yanke wannan hukunci ba. Akwai likitocin jini a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai malaman Hausa a jami'o'inmu, akwai iyayen yaran da suka kafa gidauniya a Kaduna suna fafutuka. Su ya kamata su zauna. Amma in za a zauna, ina roƙon a ajiye wa sarkin aska kujera, a ajiye wa ungozoma. Su ne ke fara ganin jinin, ranar suna da ranar kaciya, tun kafin wani likita ya gani. Duk sunan da aka zaɓa, a fara gwada shi a bakinsu, a bar shi ya yi wata guda yana yawo a kasuwa da gidan biki, sannan a je a ji abin da ya rage daga cikinsa.